Windows 11: A miƙa wa mai kwamfuta mabuɗinsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in ja hankalin masu sayen kwamfuta da masu sanya musu Windows kan wani saiti da ke jawo asarar takardu da hotuna.

Tun daga Windows 11 samfurin 24H2 da ya fito a Oktoban 2024, idan aka sanya shi sabo aka shiga da asusun Microsoft, a yawancin kwamfutoci BitLocker, manhajar tsaro da ke cikin Windows, kan kulle duk abin da ke cikin ma'ajiyar bayanai ba tare da an tambayi kowa ba. Niyyar mai kyau ce, domin ɓarawon da ya ɗauke laftof ba zai iya cire ma'ajiyar ya karanta ta a wata na'ura ba. Mabuɗin ceto da ake buɗe kullen da shi in an samu matsala, mai lambobi 48, yana tafiya ne cikin asusun da aka shiga da shi.

To a nan gizo ke saƙa. Windows na matsa wa mutum sai ya haɗa intanet ya shiga asusu kafin ya kammala saiti, shi ya sa mai gyara da aiki ya yi wa yawa kan shiga da nasa, ko ya buɗe wani cikin gaggawa a manta kalmar sirrinsa. Ranar da aka sauya babban allon cikin kwamfutar (motherboard), ko sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, ya taɓa TPM, ɗan guntun tsaron da ke riƙe da mabuɗin kullen, sai shuɗin shafi ya fito yana neman lambobin nan. In babu su, ko Microsoft ba ta iya buɗewa, sai dai a goge komai.

Mai kwamfuta, kafin ka bar shagon mai gyara, buɗe Settings, ka shiga Privacy & security, sannan Device encryption. In a kunne yake, tabbatar asusun naka ne. Ka shiga account.microsoft.com/devices/recoverykey, ka kwafe lambobin a takarda, ka ajiye ta nesa da jakar laftof. Ban ba da shawarar a kashe kullen a kwamfutar da ake yawo da ita ba.

Duba OneDrive ma, wato ma'ajiyar Microsoft ta intanet. Yakan kwashe Desktop da Documents da Pictures zuwa intanet, ya cinye data, ga shi wurin kyauta 5GB ne kacal.

A ganina kullen ya ci gaba da zama a kunne, amma Microsoft ta ƙara shafi ɗaya a lokacin saiti da zai nuna lambobin ƙarara, ya hana wucewa har sai mai kwamfuta ya tabbatar ya rubuta su.

Wassalam,
Wani mai gyaran kwamfuta, Kano