'Yan Sintiri Kaɗai Ba Za Su Tsare Garuruwanmu Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan uwana mazauna Legas, musamman na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago, a kan kuɗin da muke tarawa muna aikawa gida da sunan tsaro.

Ni ɗan kasuwar gwari ne a Mile 12, asalina kuma wani ƙaramin gari ne a jihar Katsina. Duk ƙarshen wata ƙungiyar 'yan garinmu takan zauna, kowa ya ajiye abin da ya sawwaƙa, a aika wa mai gari domin a saya wa 'yan sintiri tocila da batir da man babur. Ban taɓa ƙin bayarwa ba, domin bayin Allahn nan su ne ke kwana a bakin gari cikin sanyin hunturu alhali mu muna nan muna barci. Abin da ke damuna shi ne, har yau ba mu taɓa ware ko sisin kwabo ba domin samarin da ke zaune a gindin bishiya babu sana'a.

Da yawa daga cikinsu ma daga nan suka koma. Tun ranar 1 ga Yunin 2022 da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, daga baya kuma ta ƙara da su Mushin da Oshodi, an kama babura masu yawa an murƙushe su, wasu ma bashi ne ba a gama biya ba. Yaron da ya saba aika wa mahaifiyarsa kuɗin cefane kowane mako ya koma gida hannu rabbana, ya tarar gonar da ke nesa da gari ba ta nomuwa saboda tsoro. Daga nan sai ƙwaya, sai bashi, sai wani ya nuna masa cewa kiran waya guda zai kawo masa abin da bai samu a wata ba. Ɗan bindigar da ke daji bai san wanda ya sayar da shanu ranar kasuwa ba sai an gaya masa daga cikin gari, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na yaba da rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023, domin aƙalla an horar da su kuma akwai wanda zai tuhume su. Amma mun ga yadda ɗaukar doka a hannu ta ƙara hura wutar gaba a Zamfara, kuma ba mu manta da 'yan uwanmu 16 da aka kashe a garin Uromi na jihar Edo a watan Maris na 2025 bisa zargi kawai ba. Saboda haka duk wanda 'yan sintirinmu suka kama, a miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa. A kwamitin tsaron gari kuma a zauna da liman da mai unguwa da arɗo, a kuma saurari iyaye mata, domin su ne ke fara lura idan yaro ya shigo da sabuwar waya ba tare da an san inda ya samo kuɗinta ba.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu ita ce a raba gudummawar gida biyu. Rabi ya ci gaba da tafiya wa 'yan sintiri, rabi kuma a sayi injin ban-ruwa da iri da taki, a ba samari rance su yi noman rani a fadamar da ke kusa da gari. Albasa da tumatir da tattasai dai mu ne ke sayar da su a nan, don haka kasuwa ba za ta gagare su ba, kuma wanda bai da sha'awar noma a haɗa shi da tela ko kafinta ko mai gyaran waya, a biya masa kuɗin koyo.

Zan gabatar da wannan a zamanmu mai zuwa insha Allahu, kuma ina roƙon sarakunan Hausawa na unguwannin Legas su kira shugabannin ƙungiyoyin garuruwa a tattauna shi kafin lokacin noman rani ya wuce.

Naka,
Wani mai karatu daga Mile 12, Legas