A wajabta wa malaman SIL da CP horon koyar da karatu

Ya Edita,

Muna roƙon ma'aikatar ilimin firamare ta Kamaru ta wajabta wa malaman ajin SIL da CP, wato aji ɗaya da aji biyu na firamare, horon koyar da karatu, har da daraktocin makarantunsu.

A Garwa da Marwa, yaro kan shigo aji da Hausa ko Fulatanci a bakinsa, a tare shi da Faransanci. Malami ya rubuta jimla a allo, yara su amsa baki ɗaya, a ɗauka sun iya. Nuna wa yaro ɗaya kalma daga tsakiyar jimlar, sai ya yi shiru. Hadda ce ya yi.

Horon ya fara da sautin harafi, sannan haɗa gaɓa, sannan kalma. A koya wa malami yadda zai bayyana cewa o da au da eau sautinsu ɗaya, da yadda zai saurari kowane yaro shi kaɗai na minti 1 duk wata, ya rubuta inda ya tuntuɓe.

Daraktan da bai san wannan ba, gama manhaja kawai zai riƙa tambaya. Kuma don Allah kada a bar malaman da iyaye ke biya a baya, su ma suna riƙe da waɗannan azuzuwa.

Wasu malaman firamare,
Garwa