Zuwa ga 'yata, kan tiyatar da kika ƙi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina samun sauƙi, Yaya Babba ta iso Agege jiya, kuma daga bakinta na ji cewa kin ce ba za ki koma a sake yi miki tiyata ba, wai tunda an cire ƙullutun an gama.

'Yar nan, ba a gama ba. Ni na zauna gaban likita ranar da sakamakon ya fito, lokacin da kike kuka ba ki jin komai. Ya ce kansar ma'ajiyar ƙwai takan ɓoye a inda ido ba ya gani: cikin kaluluwar da ke ƙugu da gefen babbar jijiyar jini, da kitsen da ke lulluɓe da hanji, da fatar cikin ciki. A cikin mata 10 da ake zaton cutarsu tana matakin farko, kusan 3 akan tarar ta riga ta bazu idan aka bincika sosai. Wancan asibitin da suka fara buɗe ki ba su ɗebi komai daga waɗannan wurare ba, domin sun ɗauka ƙari ne kawai.

Abin da ke hana ni barci shi ne takardarki ta nuna nau'i mai saurin girma, an kuma samu ruwa a cikinki, ga gwajin jini na CA-125, mai nuna alamar wannan kansa, ya haura 35, iyakar da ake gani ga mai lafiya, nesa ba kusa ba. Waɗannan su ne alamun da likitan ya ce suna ƙara haɗarin ɓoyayyen yaɗuwa. Idan da gaske cutar tana mataki na 1, kusan 9 cikin 10 suna wuce shekara 5 a raye. Idan ta kai mataki na 3 ba a sani ba, lissafin ya sauya, har maganin da ya kamata a ba ki.

Kin manta yadda muka yi da Goggonki? Na yi shiru a lokacin don kada a ce na cika baki, kuma har yau ina cizon yatsa. Ba zan sake ba, ko da za ki yi fushi da ni.

Na san haihuwa kike tunani, kuma ban ga laifinki ba. Ki faɗa wa likitocin Asibitin Koyarwa na Idi-Araba wannan da bakinki, su gaya miki abin da za a iya bari. Na yi magana da mijinki, kuɗin mota yana hannunsa. Na gyara miki ɗakinki.

Allah ya ba ki lafiya.

Mahaifiyarki