Wasiƙa daga ƙarshen layi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Mu nan sanyi ya kankama, ƙarfe huɗu na yamma sai ka ga magariba ta kawo jiki.

Na ga tsiyar da ka yi mini, wai ina cika baki ina Landan amma hoton da na turo na tashar ƙauye ne. To, ba ka yi ƙarya ba. Sunan garin Chesham, mil 25 daga tsakiyar Landan, kuma duk tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa babu wadda ta kai tamu nisa. Ƙarƙashin ƙasar ma suna ne kawai, don a nan jirgin a sarari yake gudu, tsakanin gonaki da itatuwa. Idan ya iso wurinmu dogo ya ƙare, sai dai ya juya, kamar Nguru.

Ashe tun farko ba a so ya ƙare nan ba. Kamfanin Metropolitan Railway ne ya buɗe tashar ranar 8 ga Yuli, 1889, shekara 22 kafin jirgi ya shiga Kano. Shugabansa Edward Watkin mutum ne mai dogon buri, har mafarki yake ya haɗa Manchester da Faris ta ƙarƙashin teku. Niyyar ita ce layi ya ratsa Chesham ya wuce Tring ya haɗu da babban dogon arewa. Sai aka canza shawara, aka bi ta Amersham zuwa Aylesbury a 1892, aka bar mu da ɗan reshe guda.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne labarin filin. Da can bakin gari kamfanin ya so ya ajiye tashar. Mutanen gari suka ce ba su yarda ba, suka yi karo-karo wajen fam 2,000, kuɗin wancan zamani fa, suka sayi fili suka ba kamfani don a shigo da ita ciki. Yawancinsu masu sana'a ne, garin ya yi suna wajen ɗinkin takalma da yin buroshi da kayan katako, sun san abin da dako zai ci musu. Har wani ganye suke nomawa a ruwan kogin Chess, ɗan'uwan lansir ne, a loda shi a tarago a kai kasuwannin Landan, jirgi kuma ya dawo musu da kwal. Yau idan na sauka, minti biyu zuwa uku ina tsakiyar kasuwa. Da na ji wannan sai na tuna taron da muka yi ta kira a kan kwalbatin unguwarmu, aka ƙare da ni da kai da limami.

Da yake reshe ne, komai a makare yake iso shi. Jirgin kwal bai bar nan ba sai 1960 da aka sa lantarki, kuma har lokacin tsofaffin taragon katako na wajen 1900 ake ja. Yanzu suna Bluebell Railway a Sussex, mutane na biyan kuɗi su hau don marmari. Filin lodin kaya an rufe shi a 1966, ya koma wurin ajiye motoci. Amma ɗakin mai ba jirgi hannu na nan, da dogon tankin da kan jirgi ke shan ruwa. Gefe guda, inda da akwai guntun layi, an shuka furanni. Can nake tsayawa da asuba, hannu cikin aljihu, ina kallon numfashina yana hayaƙi.

Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya, ya ce ni ɗan gata ne. A zamaninsa, in ban da safe da yamma, ɗan ƙaramin jirgi ne ke kai-kawo zuwa tashar Chalfont & Latimer, ka sauka ka jira na Landan. Sai a Disamba 2010 aka koma kai tsaye duk yini. Tsakanin tashoshin biyu kusan mil huɗu ne, kuma layi ɗaya tal, don haka jirgi sai bayan rabin awa. In ya kuɓuce maka, ka sha zama. Daɗin abin, tunda daga nan yake tashi, ban taɓa rasa kujera ba. Na zaɓi ta bakin taga in yi azkar ɗina, 'yan Harrow su shigo su tsaya a kaina.

Sau ɗaya na sha kunya. A tashar Baker Street, cikin Landan, na faɗa jirgi ban duba goshinsa ba, gyangyaɗi ya kwashe ni, na farka a Amersham. Sai da na koma baya tasha ɗaya na zauna jiran namu cikin yayyafi, tuwon da aka ajiye mini ya sandare.

In Allah ya nufa ka zo, ka duba allo da kyau, mai Chesham za ka hau. Ka taho mini da yaji da kuka, nawa sun kusa ƙarewa. A gaida Hajiya da kyau, a shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Amininka