Dokin da ya yi shekara 90 kafin ya dawo gida

Assalamu alaikum Baba, barka da war haka, ya gida ya jikin Inna, Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, sanyi ne dai ya fara shigowa Warsaw.

Baba jiya da na taso aiki na biyo ta gaban fadar shugaban ƙasa, sai ga wani ƙaton doki na tagulla, mahayin ya miƙa takobi gaba, wallahi kai na fara tunowa saboda son dawakinka. Kar ka damu ba bauta masa suke ba, tarihinsu ne kawai.

Sunan mahayin Józef Poniatowski, yarima ne ɗan Poland kuma kwamandan yaƙi, a ɓangaren Napoleon sarkin Faransa ya yi yaƙi, ya nutse a kogi a Leipzig ta ƙasar Jamus a 1813. Mutanen Poland suka yi karo-karo, wani ɗan Denmark mai suna Thorvaldsen ya tsara mutum-mutumin, aka gama a 1832, to lokacin kuma Rasha ce ke mulkinsu, sun yi tawaye an murƙushe su, sai sarkin Rasha ya ce ba za a kafa shi ba. Abin da ya fi min ciwo Baba, janar ɗin da ya murƙushe su, Paskevich, shi aka ba, ya kai shi gidansa can Gomel, a ƙasar Belarus ta yanzu, ya ajiye. Ka ji fa, kuɗinsu, gwarzonsu, a ƙofar gidan wanda ya ci su da yaƙi.

Sai 1922 ya dawo, bayan sun samu ƴanci sun yi yarjejeniya da Rasha a Riga, suka tsaya kai da fata sai an maido musu kayansu. Aka kafa shi a 1923. Ko shekara 22 bai cika ba sojojin Jamus suka tarwatsa shi da nakiya a Disamban 1944. Mutanen Denmark suka sake zuba wani suka ba su kyauta, a 1965 aka kawo shi inda yake yanzu.

Na daɗe a tsaye a gun ina tuna sirdi da takobin Kaka da ke ɗakin soro, ƙura duk ta rufe su. Dan Allah Baba a sa yara su goge su a adana, kar a sayar ko nawa aka taya, in na zo zan gyara sirdin da kuɗina.

Na tura hoton dokin a wayar Yaya, ka ce ya nuna maka. A gaida Inna da kowa da kowa, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanka