A Ba Mu Littafin Aljanu Da Mata Ke Bincike A Ciki

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Ina fata kana lafiya kai da ma'aikatanka. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da marubutanmu na Hausa, musamman masu rubuta nobel ɗin da muke karantawa a waya, na WhatsApp da na Wattpad, don abin nan ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya.

Ni malamar makarantar 'yan mata ce a nan Sakkwato, kuma mai son karatu ce tun ina ƙarama. Kwanakin baya ƙanwata da ke jami'a ta turo mani wasu littattafan Turanci na bincike, irin wanda za ka ga an yi kisa ko mutum ya ɓace a wani tsohon gida da ake cewa akwai fatalwa, sai mata biyu masu bincike su shiga lamarin. A wasunsu matan biyu masoyan juna ne, na san irin wannan ba a buga shi a nan, kuma ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Abin da ya hana ni barci shi ne yadda matan ke bin sawu, su yi tambaya, su auna magana, su koma su sake tambaya, har ka kai shafin ƙarshe ba ka san ko aljani ne ya yi aikin ko ɗan Adam ba.

To mu fa? Aljanu sun cika littattafanmu maƙil amma kullum aikinsu ɗaya ne, kishiya ta je wajen boka an turo wa amarya, ko aljani ya auri yarinya, sai a kira malami ya yi ruƙiyya a shafi biyu a gama. Babu mai tambaya wa ya shiga ɗakin, wa ya dafa abincin, wa zai ci gado in ta haukace. Alhali mu ne muka gaji labarin aljanu a rubuce tun gasar da aka yi a Zariya a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, duka biyun kuwa akwai aljanu a ciki. Shekara casa'in ke nan da 'yan kai, ya kamata a ce mun ƙara gaba.

Wallahi na ga abin da idona. Wata shekara yara suka fara faɗuwa a makarantarmu, ɗaya ta yi ihu sai biyar su bi ta, kafin azahar aji ya watse iyaye sun cika ƙofa kowa na cewa iska ce. An yi addu'a an yi hayaƙi, kuma ni ban musa samuwar aljanu ba, Alƙur'ani ya ambace su har da sura guda da sunansu. Amma ni da wata abokiyar aikina muka zauna da yaran ɗaya bayan ɗaya bayan an tashi, a hankali, ba tsawa. Nan muka gano wadda ta fara faɗuwa an sa mata ranar aure da wanda ba ta so, wata kuma kwana biyu ba ta karya ba ga zafin watan Afrilu na Sakkwato wanda kowa ya san shi, wata ko har yau ba mu san me ya same ta ba. Wannan zaman da muka yi ai shi ne littafin da nake nema, kuma namiji ba zai iya shi ba, don ba yarinyar da za ta buɗe masa cikinta haka.

Ku duba fa, ɗan sanda namiji iyakarsa zaure. Gidan da aka rubuta ba shiga, mace ce ke ratsa shi har ƙuryar ɗaki, ta ji abin da ake faɗa wajen kitso da gidan biki da gidan suna. Unguwarzoma da nas, ko 'yar sanda da malamar Islamiyya, aminai biyu da suka yarda da juna, ɗaya mai saurin cewa iska ce ɗaya mai cewa a kai asibiti tukuna, suna gardama suna tafiya tare. Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita da ta riƙa naɗa jajoji tana tura su ƙauyuka suna shiga gidaje suna karantar da mata, a lokacin da bori ke da ƙarfi.

Wuraren labari kuwa ba a magana. Ga kufan Surame na Kanta a ƙaramar hukumar Binji da ganuwarsa ta duwatsu, ga Alƙalawa, ga bakin gulbin Rima da daddare, ga tsofaffin lungunan Ƙofar Rini da Ƙofar Marke. Amma marubuciya tana zaune a Mabera sai ta kai labarinta Dubai.

Ina roƙon jaridarku, in da hali, ta ware shafi ko sau ɗaya a wata don gajerun labaran bincike irin wannan, ni kaina na fara rubuta nawa a bayan littafin darasi, na kai babi na uku, kuma zan aiko in kun buɗe shafin.

Wassalam.

Daga wata malamar makaranta, Sakkwato.