Tsofaffin motocin tsere: ba man fetur ne ke cinye kuɗin ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan tsofaffin motocin nan masu ƙofa biyu da samari ke cewa sifot, don na lura tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 duk majalisar da aka zauna ana hirar mota tambaya ɗaya ce, lita nawa take sha, kuma duk wanda aka gani da tsohuwar Marsandi SL ko BMW Z3 ko Nissan 350Z sai a bi shi da kallon tausayi ana cewa bawan Allah ya ɗauko Dala ba gammo. Eh akwai nauyi kam, amma ba a inda mutane ke nunawa yake ba.

Tawa SL 500 ce ƙirar 1995, mai silinda takwas, tankinta lita 80 yake ci, in ka ɗauka lita tana naira 900 kaga cikawa ɗaya 72,000 kenan, kuma a cikin gari da go-silo lita ɗaya da ƙyar take kai ta kilomita shida. To amma wa yake zuwa ofis da ita kullum? Wa yake kai yara makaranta da mota mai kujera biyu? Fita ce ta yammacin Juma'a ko Lahadi, maƙocina mai Corolla da yake zirga-zirga safe da yamma wallahi ya fi ni kashe kuɗin mai a wata. Lissafinta irin na mai doki ne, wanda hawansa bai wuce na sallah da ɗan kilisa ba amma dusa da harawa da ɗan barga kullum ne, ko an hau ko ba a hau ba.

Abin da ke cin kuɗin na farko roba ce. Mu nan Arewa Allah ya hutar da mu da tsatsa, ba kamar motocin da suka sha gishirin titi a hunturun Turai da Kanada ba, amma rana da ƙurar hunturu ba sa barin komai na roba, daga tiyon ruwa zuwa bushin zuwa sil, duk sai sun bushe sun tsage. Ita SL ɗin nan rufinta da haidrolik yake buɗewa, silindoji ƙanana sama da goma ne a jikinta kowanne da sil ɗinsa, kuma akwai waɗanda ke saman gilashin gaba daidai kan direba, ranar da suka fara yoyo ba ƙara zaka ji ba ba fitila zata kama ba, kawai zaka ga ɗigon mai a cinyar farar shaddarka kana hanyar masallaci. Sannan Marsandin farkon shekarun 1990 zuwa tsakiyarsu an yi musu wayarin da bawonsa ke rugurgujewa in ya tsufa, ka taɓa waya ta zube kamar gari, mota ta dinga shaƙewa ana ta canza fulogi da kwayil a banza alhali ciwon yana cikin wayarin.

Na biyu dala. Wasu kayan ƙafa da na injin ana dacewa da su a Panteka ko Ƙofar Ruwa ko a aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas, saboda SL ta wancan zamanin 'yar gida ɗaya ce da Marsandi W124 da muke kira bi-but, amma duk abin da ya shafi rufi ko fitila ko kayan cikin ɗaki sai dai oda daga Jamus ko Amurka. Farkon 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500, kaga kaya bai canza ba amma kuɗinsa ya ninka sau uku, ga kuɗin jirgi ga kwastan ga jiran sati da sati mota na kan jak.

Na uku kuma shi ya fi ƙona min rai, wato bakaniken da bai san motar ba kuma ba zai ce bai sani ba. Da ta ɗan yi zafi sai ya ce Alhaji a cire tamostat ai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka darek, a ɗura ruwan rijiya a lagireto, injin alminiyom fa, bayan shekara biyu ciki ya cinye gaskit ya tafi, sai kuma ya dawo da shawara ta biyu, Alhaji mu sauke injin nan mu ɗora na Toyota ka huta. Na ga an yi wa wata Z3 haka, tana tafiya kam, amma ƙarar ba tata ba ce, rabin agogunan dashbod sun mutu, kuma mai ita da ya tashi sayarwa kuɗin ƙarfe aka taya. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai dattawan da suka koyi aikin Marsandi da BMW tun motocin suna sababbi, in ka samu ɗaya ka riƙe shi hannu biyu ka biya shi da kyau.

Ajiya ma ɓarna ce. Ka rufe ta da tamfol wata uku, batir ya mutu, mai ya lalace a tanki, ɓeraye su tare a injin su ci waya. Taya kuma ka duba lambobi huɗun nan na gefe, sati da shekarar da aka yi ta ne, sai kaga zanen taya kamar sabuwa amma ta shekara goma, irinta ce ke fashewa a hanyar Zariya da tsakar rana. Ban da tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa yadda ta ga dama, mota mai ƙasa-ƙasa sai ka bi shi a karkace kana addu'a.

To me ya sa ba ma rabuwa da su? Wanda bai taɓa tuƙawa ba zai ce son a sani ne, ni kuma na ce a'a. Motocin yanzu sun fi su gudu sun fi su sanyin esi, amma kana ciki kamar ba kai ke tuƙi ba. Waɗannan kuwa kana zaune kusa da ƙasa, doguwar bonet a gabanka, sitiyari na gaya maka duk abin da tayar gaba ke takawa, ka taka totur injin ya amsa da muryarsa ta gaskiya. Ga ƙira, Bruno Sacco da ya jagoranci zanen SL ɗin 1989 bai cika mata kwalliya ba shi ya sa har yau ba ta tsufa a ido ba, kuma tun lokacin an sa mata wani ƙarfe a bayan kujeru da ke tasowa da kansa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa in mota zata kife. Akwai tarihi ma, Datsun 240Z ta ci gasar Safari ta gabashin Afirka a 1971 da 1973, Fijo 504 mai ƙofa biyu ta ci a 1978, mu da muka tashi da 504 ɗin da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 da yawanmu ba mu ma san tana da ƙanwa 'yar gayu da kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana ba.

Masu cewa jari ne su yi a hankali. Gaskiya ne Porsche 911 mai sanyaya injin da iska, wadda aka daina a 1998, ta yi tsada sosai a waje, haka Toyota Supra ta 1993 zuwa 2002, har an sayar da wata Marsandi 300 SLR yuro miliyan 135 a 2022, amma irin waccan mai rufi biyu kacal aka ƙera a duniya. Taka da ta sha fenti uku aka cire mata tamostat ba ta cikin wannan layin. Samarin da ke wasan mota da su ranar ɗaurin aure kuwa, ana juyi hayaƙin taya na tashi yara na tsaye a gefe, wannan ba son mota ba ne, ganganci ne da ran mutane.

Wanda yake sha'awa kuma aljihun ba nauyi, ya nemi Mazda MX-5, tun 1989 ake yinta an ƙera sama da miliyan ɗaya, injin ƙarami mai silinda huɗu, ta farkon ba ta kai tan ɗaya ba, rufin da hannu ɗaya ake turawa baya babu haidrolik balle yoyo. Ko Z3 da yawancin kayanta ɗaya ne da na BMW E36 da suka cika kasuwa. Porsche Boxster ta farko kuwa duk arhar da aka yi maka ka tambayi ko an canza bearin ɗin IMS, wani bearin ne a can cikin injin, don in ya watse da injin gaba ɗaya yake tafiya. Kuma kowacce ce kar ka ba da kuɗi sai ka je da safe injin na sanyi an tayar a gabanka, ka buɗe rufi ka rufe, ka leƙa ƙasa ka ga abin da ta zubar cikin dare.

Malam Edita roƙona shi ne ku tura wakilinku garejin dattawan nan da na ambata a Kaduna da Kano da Jos ya yi hira da su a buga, har da yadda za a same su, don yaran da ke hannunsu yanzu duk sun koma koyon Toyota da Honda.

Naku,
Mai karatu daga Kaduna